Abincin Makokin da Na Hana a Kai

Lokacin da abin nan ya faru ina da 'ya'ya huɗu, muna zaune a wani ƙauyen Hausawa kusa da Kamlin a ƙasar Sudan, maigidana yana noma hawasha, wato gonar ban-ruwa, wadda ya gada wurin mahaifinsa. Mata sun san ni da haƙuri da sanyin murya, shi ya sa in na faɗi magana ake ɗauka. Ban san mai sanyin murya ma tana cuta ba sai da na yi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, a yi haƙuri da rubutun.

Akwai wata mata Kirista, mutuniyar duwatsun Nuba, da ke zaune da mijinta a bukkokin 'yan ƙwadago da ke bakin magudanar ruwa, bayan gidanmu kaɗan. Shekara uku muna tsinkar auduga kusa da juna. Yaya take ce mini. Da na haifi autana, ita ta riƙa yi mini wanki har na yi arba'in. A wata damina zazzaɓi ya ɗauke 'yarta guda, yarinya mai shekara shida. Kun san al'adarmu, gidan rasuwa ba a hura wuta sai bayan kwana uku, maƙwabta ke ɗauko abinci a siniya, wato babban tire, su zo a zauna kan tabarma. Na yi kisra, wainar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa na ɗora a ka. Ina kusa da bukkarsu sai na ji waƙa da tafi a hankali. Na leƙa ta saman zana, ga danginta a zaune, ita kuwa tana tsaye ido a rufe, ita ke ba da waƙar, a fuskarta har da murmushi. Na juya da siniyata.

A bakin famfo na haɗu da matan unguwa, kowa da nata abincin. Suka tambaye ni ko lafiya na dawo. Na ce musu, cikin muryar nan tawa, abin da na gani bai yi kama da makoki ba, uwar da ke murmushi ranar da aka binne 'yarta ba ta bukatar gaisuwarmu. Wata dattijuwa ta ce to ita kam za ta adana kisrarta sai ranar kai amarya. Aka yi dariya, kowa ta koma gida. Kwana uku cur babu wadda ta taka ƙofar.

Surukata tana asibiti a Madani lokacin. Da ta dawo ta ji labari, ta kira ni ɗakinta, ta tambaye ni ko a yaƙi da jahilcin aka ba ni mudun auna baƙin cikin mutane. Ta ce haƙƙin maƙwabci ba ya tambayar addini, in tashi in tafi tun kafin ta sha ruwa.

Na sami maƙwabciyar tawa ta rame, mayafi yana zamewa daga kafaɗarta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dafa gahawa. Ta ce ranar ta hango siniyata ta saman zana, har ta sa ƙanwar mijinta ta matsa don in sami wuri. Na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na tambaye ta waƙar fa. Ta ce a addininsu farin ciki daban yake da jin daɗi, kyauta ce daga Allah wadda mutuwa ba ta iya ƙwacewa, ana koya musu su riƙe ta ko hawaye na zuba, domin sun gaskata yarinyar tana wurin Yesu Almasihu. Ta ce da ta yi shiru a ranar, da magudanar ruwan nan za ta faɗa. Sai ta tambaye ni, mu da muke cewa Alhamdulillahi in an yi mana rasuwa, ba ma jin zafin ne? Abin da ya fi ƙona ta, in ji ta, ba dafaffiyar dawar da suka ci kwana ukun ba ce. Danginta da suka zo daga nesa ta riga ta gaya musu tana da yaya a garin nan, suka yi ta duban ƙofa.

Ta yafe mini tun ban gama roƙo ba. Amma mijinta bai manta ba, ana gama tsinkar auduga ya kwashe su suka nufi wajen Abu Hujar. Tun da yaƙi ya watsa mutane ban sake jin inda take ba.

Ni Musulma ce, a haka nake roƙon Allah Ya ɗauke ni, kuma addinina bai ce in yi abin da na yi ba. Ni ce na leƙa ta saman zana na yanke hukunci a kan zuciyar da ban shiga ba. 'Yan uwana mata, in kun ga wadda aka yi wa rashi tana murmushi, ba ku san da wane ƙarfi take riƙe da shi ba. Ku shiga ku sauke abincin, ku zauna. Tambaya tana iya jira har a naɗe tabarma.