Littafin Fada a Fasasshiyar Taga

Jama'a, yau na ga falsafa ta ceci ran ɗan Adam!

Na je laburaren jami'a, sashen littattafan falsafa da tauhidi da wani Fada, limamin coci mai zurfin ilimi, ya bayar kyauta. Jibi zan kare kundin digirina, littafi ɗaya ya rage in duba. Babu shi a kanta! Ashe da shi aka toshe fasasshiyar taga.

Na ce wa ma'aikacin laburaren, “Oga, Fada ya ƙare rayuwarsa yana tara waɗannan!”

Ya ce, “Malama, Allah ya saka masa. Amma sanyin Jos bai iya karatu ba. Kawo mai kaurinsa, ki ɗauka.”

Na miƙa masa kundina, wahalar shekara uku. Ya cusa. Ya yi daidai da ramin.