Buzuzu da Hannun Hagun Maigidana

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, akwai maganar da na daɗe ina so in gyara. In ka taɓa kwana a Dungas, ko ka ci kasuwa da mutanenta, wataƙila ka ji labarin wani direba mai yatsu uku da aka ce ya kasa riƙe injin aikin hanya. Mijina ake nufi, Allah ya ji ƙansa. Kuma ba haka aka yi ba. Ina nan aka yi komai, a bayan katanga, kunnena a buɗe.

Hannun nasa tun yana saurayi ya samu. Yana shayar da shanu a rijiya mai zurfi, sa yana jan guga, sai igiya ta naɗe masa hannun hagu ta tafi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Da sauran ukun ya yi noma, ya ɗaure bijimai, ya yi mana rufin ɗaki. Da aka yi shekarun farin nan shanunmu suka ƙare, gona ta ƙi, muka zauna muna kallon rumbu. Ana cikin haka masu gyaran hanyar Magarya suka zo, suka buɗe ramin jar ƙasa a bayan gidanmu, nan bakin gari. Ya shiga lebura da shebur. Direban ƙaramin injin lodi, wani baƙo daga kudu, ya ga hankalinsa ya koya masa, da zai koma garinsu ya bar masa kujerar. Da wannan kujera muke ci, ba mu da wani abu bayanta.

Injin nan mutanen gari Buzuzu suke ce mata, don gajera ce, kullum kanta a ƙasa tana tura. Ba ta da sitiyari irin na mota. Sanduna biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace da ƙafafun ɓangarenta. Ka tura su tare ta yi gaba, ka ja su ta yi baya, ka tura ɗaya ka ja ɗaya ta juya a inda take kamar wadda ta yar da allura. Cokalin ɗibar ƙasa da ƙafa ake ɗaga shi. Maigida ya ce mini mai ne yake tafiyar da ita, famfo biyu ke tura shi cikin tiyo, ɗaya na dama ɗaya na hagu.

Ni ban taɓa hawanta ba, ban ma taɓa zuwa bakin ramin ba. Ni mai zaman gida ce, kuma ina son gidana. Lakwal, makarantar boko, ban daɗe a ciki ba. Fura da ɗanwake nake yi wa ma'aikatan shantiyen, wato wurin aikin, suna karɓa ta ƴar ƙofar baya. Amma tun safe har la'asar kukan Buzuzu yana cikin kunnena ina daka, ina tankaɗe. Na san lokacin da ta cika cokali, na san lokacin da ta juya wajen kamiyo, motar da take yi wa lodi, har na kan san in maigida ransa a ɓace yake daga yadda take ja da baya.

Yana ji da ita kamar yadda ya ji da shanunsa. Da bazara ta shigo, rana ta fara dukan ƙarfe, in hantsi ya ɗaga sai ya leƙo ya ɗauki buhun gyaɗa da ke shanye a katangata, ya tsoma shi a ruwa, ya lulluɓe mata baya da shi, yadda muke yi wa tulu don ruwa ya yi sanyi. In ya bushe, duk wanda ya zo wucewa sai ya watsa masa moɗa guda. Kowa yana yabawa.

A cikin bazarar nan ta fara karkata hagu. Da safe lafiya lau. In azahar ta gota sai ta riƙa jan jiki, ya tura sandunan daidai amma ita ta nufi hagu kamar jakin da ya hango gidansu. Ya ƙara buhu na biyu, abin ya ƙaru. Ran nan yana nufar kamiyo da cokali cike, ta zame ta goge ƙofar, ta yi mata lamba. Direban kamiyon, wani dogo mai son a san yana wurin, ya sauko yana cewa daman shi ya faɗa, injin hannu biyu ba a ba mai hannu ɗaya da rabi.

Shef ɗin shantiye, shugaban aikin, ba mugu ba ne, mutum ne mai son a gama magana da wuri. Ya aika Magarya aka zo da makanike, wani tsoho marar yawan magana. Da sanyin safiya ya iso, don yana so ya koma kafin rana. Maigida ya ba ni labarin abin da ya yi, wasu kuma na ji da kaina. Ya auna iskar tayoyi, ya ga duk tsayinsu ɗaya. Ya duba mai, yana nan a cike. Ya girgiza sandunan ya bi ƙarafan da suka haɗa su da famfo, babu wanda ya kwance. Ya sa aka ɗora ta a kan guntayen giginya, ƙafafunta a sama, aka tayar, dama da hagu suna juyawa tare. Ya leƙa sarƙoƙin ciki, ba su saki ba. Daga nan aka sauke ta, aka ce dogon nan ya hau ya gwada. Ya hau, ta tafi sak, ya dawo yana ɗaga wa mutane hannu. Makanike ya ce shi bai ga ciwo ba, ya hau mota ya tafi. Duk wannan, buhunan suna katangata, ko bushewar jiya ba su gama ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba bakin mutane ba ne. Maigida kansa ya fara yarda. Bayan magariba ya zauna yana matsa dutsen guga da yatsun nan uku, yana saki, yana matsawa. Ya ce in shafa masa man kaɗanya. Ya ce wataƙila girma ne, hannun yana gajiya da rana bai sani ba. Na ce masa hannun da ya kayar da bijimi ba sandar ƙarfe ce za ta gajiyar da shi ba. Ya ci gaba da matsa dutsen.

Washegari shef ya zo zaurenmu da kansa, ya yi sallama, suka gaisa. Ina tsaye a bayan zana ina ji. Ya yi ta zagaye, ya yabi haƙurin maigida, ya yabi zuwansa da wuri, sannan ya ce daga ranar kasuwa mai zuwa dogon ne zai karɓi Buzuzu, shi kuma a mayar da shi shebur in yana so. Maigida ya ce to. To kawai ya ce.

Ban taɓa sa baki a maganar zaure ba sai ranar. Na gaishe shi daga inda nake, na ce, “Shef, ranka ya daɗe, da safe kuka gwada ta.”

Ya ce, “Da safe ne, matar gida. Ina laifi?”

Na ce, “Da safe ai ko a hannunsa ba ta karkata. Ciwon da ke tashi da azahar ba a duba shi da asuba. Ni daga madafa nake jin ta. Da safe muryarta a ƙasa take. In rana ta take sai ta koma siririya, tana ƙugi kamar sauro, kuma in za ta juya hagu ƙugin ya fi tsawo. Hannun mutum ba ya ƙugi.”

Maigida ya ce in shiga ciki. Na ce ina ciki. Shef ya yi dariya, ya ce makanike ya riga ya duba, ba za a sake ƙona gazuwal zuwa Magarya don kukan sauro ba. Na ce to shi ke nan, ni ma ba zan sake ƙona itacena ba. Daga gobe babu fura, babu ɗanwake, sai ranar da mai yatsu biyar ya hau ta da tsakar rana kowa yana gani.

Ya ɗauka wasa ne. Sai dai shantiyen yana bakin gari, kasuwa da nisa, kuma shef mutum ne da furar nono mai kauri ta riƙe. Na rufe ƙofar baya na sa mata turmi. Suka yi ta ƙwanƙwasa, ina amsa gaisuwa ban buɗe ba. Maƙwabciyata ta zo tana ba ni haƙuri, wai zan jawo a kori mijina gaba ɗaya. Na san haka na iya faruwa, garin geron da ke gidan ma ba mai yawa ba ne. Amma na ga mutum zaune yana tuhumar hannunsa, wannan ba zan iya kallo ba. Ba a kai ranar kasuwa ba leburori suka dami shef, ya sake aikawa Magarya, ya ce tsohon ya zo ya wuni.

Ranar da makanike ya dawo, maigida ya yi aikinsa tun safe kamar kullum. Hantsi ya ɗaga ya ɗauki buhunansa ya jiƙa ya lulluɓa. Makanike yana ƙarƙashin rumfa yana gyangyaɗi. Aka yi azahar, na kasa kunne, sai ga ƙugin ya fara. Na kawar da turmi na buɗe ƙofa kaɗan, ranar ce na fara ganin ramin da idona.

Dogon ya hau yana gyara hula. Ya cika cokali, ya nufi kamiyo. Ta yi ƴan taku sak, sannan ta sunkuyar da kai hagu. Ya danna sandar hagu har jijiyar wuyansa ta fito, ita kuwa ko a jikinta, ta wuce kamiyon ta nufi rumfar shef. Mutane suka watse, makanike ya farka da gudu, ta ɗauke dirka ɗaya, rumfa ta zauna a kan tano, gangar ruwansu. Ba wanda ya ji ciwo. Wani lebura ya tambayi dogon ko shi ma rijiya ta ci masa yatsu ne.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya zagaya ya ɗora tafinsa a kan tankin mai, ya janye da sauri. Ya zaro ma'auni, man yana zuba kamar ruwa, yana warin ƙuna. Sai ya tsaya yana kallon buhunan. Ya tambaya wa ya yi mata wannan sutura. Maigida ya ce shi ne, don rana. Tsohon ya yaye su, ya buɗe ƙofar bayan injin, ya nuna ragar da iska ke bi ta sanyaya man. Ruwan buhu da jar ƙasa sun haɗu sun yi mata yaɓe kamar bangon ɗaki. Ya ce tulu zufa yake yi ya huce, ita wannan numfashi take yi, kuma ta nan take yin sa. In man ya yi zafi sai ya tsinke, famfo ya kasa tura shi da ƙarfi. Na hagu ya fi cinyewa don kullum hagu take juyawa wajen lodi, shi ya sa shi yake fara sarewa.

Aka bar ta ta huce. Ya wanke ragar da ruwa da tsinke, ya zubar da tsohon mai, ya canja matatar mai, ya ɗan ƙara wa sandar hagu tafiya. Ya ce famfon zai kai ƙarshen aiki in an bar ta ta sha iska, kuma a daina kiransa da asuba a kan ciwon rana. Washegari da azahar maigida ya hau, na kasa kunne har la'asar, muryarta a ƙasa.

Shef bai so ya tashi hannu wofi ba. Ya zo ƙofar baya da ƙwaryarsa, ina zuba masa fura yana cewa ko ba komai dai laifin mijina ne, tunda buhun nasa ne. Na ce buhun nasa ne, na yarda, a katangata ma yake kwana. Amma wa ya taɓa wucewa bai watsa masa ruwa ba? Na tuna masa ranar da shi kansa ya ce a ƙara na biyu ya fi sanyi. Na ce, “Ku ce ya so ta har ya toshe mata hanci, zan taya ku faɗa. Amma kada in sake jin an ambaci hannun.” Ya karɓi furarsa ya ce an bar maganar.

Maigida ya riƙe Buzuzu har aka gama hanya, aka ɗora ta a babbar mota aka tafi da ita wajen Malawa. Dutsen gugan ya koma wurinsa. Buhunan na yi shimfiɗar kaji da su, in ya gan su sai ya kau da kai, ni kuwa in ce masa ga rigar amaryarka nan, ya ce Allah ya shirye ni.

Amma ka san gari. Lambar ƙofar kamiyo kowa ya tuna, rumfar da ta faɗi an manta, don dogon nan mai baki ya fi mu yawo, ya kai labarin kasuwa-kasuwa yadda ya ga dama. Har yau ina jin yara suna faɗinsa a karkace, ina kiransu ina gyara musu, wasu su ce tsohuwa ta cika rigima. Na cika. Kai da ka ji yadda aka yi, in gobe wani ya zauna kusa da kai ya fara labarin direba mai yatsu uku, shiru za ka yi masa?