Baƙin Gwaggo Felismina Ba Ya Riƙo

A ƙauyenmu na bakin teku, inda kogin Minho ke zuba, kowa ya san Gwaggo Felismina da abu biyu: hannuwanta da rini ya cinye har gwiwa, da baƙinta da ba ya riƙo. Ita kaɗai ce mai rini a wajen, don haka ko ana gunaguni sai an kai mata. Har matan Galisiya na ƙetaren kogi sukan hayo kwale-kwale da ulunsu, su zage ta a hanya, su dawo wata shekara.

Ja da rawaya da shuɗi kam, babu mai kama ƙafarta. Ga ta da surutu a kan tukunya. Takan ce babu launin da ya faɗo daga sama, kowanne yana da uwa, kuma sunansa na tona asirinsa. Ja, wanda muke ce wa vermelho, sunan 'yar tsutsa ne, domin daga wani mitsitsin ƙwaro da mata ke kankarowa daga jikin itace aka fara samunsa. Amarelo, wato rawaya, daga ɗaci ya fito, launin idon mai shawara. Shuɗi kuwa baƙo ne, Larabawa suka kawo sunansa daga wani dutse na ƙasa mai nisa. Wasu ta ji daga kakarta, wasu daga wani tsohon fada, limamin cocinmu, da take rina wa riga. Ni dai in ta fara, sai in ga ashe kullum muna tauna tsofaffin abubuwa a baki ba mu sani ba.

Ni ce Benvinda. Ban daɗe da aure ba jirgin kamun kifin da mijina Amândio ke ciki ya tafi bai dawo ba. Teku ta ba mu filafili ɗaya, ta riƙe sauran. A wajenmu kuwa matar da mijinta ya mutu baƙi take sawa har ta bi shi, ko tana da shekara ashirin ko tamanin. Babu rawa, babu biki, kuma babu namijin da zai kalli mace cikin baƙi ya yi mata maganar aure. Ba a sayen sababbin kaya, naka ake kwasa a kai rini.

Surukata Generosa ce ta kwashe nawa. Har da jan siket ɗin ulu da mahaifiyata ta saƙa da hannunta, wanda sau biyu kacal na sa. Na bi ta a baya har gidan Gwaggo Felismina ina kuka, kuma gaskiya ba Amândio kaɗai nake yi wa kukan ba. Ni kaina nake ganin za a tsoma a tukunyar.

Gwaggo ta ɗaga siket ɗin a rana, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kalle ni, ta tambayi shekaruna. Surukata ta ce me ya haɗa shekaru da rini, ita dai a yi baƙi ƙirin, ba irin na matar maƙeri da ya koma kamar bayan tsohon jaki ba.

"Generosa, in kin iya, ga tukunya ga itace," in ji Gwaggo. "Ke kuma 'yar nan, share majinar nan. Kin san me ya sa ake ce wa baƙi preto? Matsattse ke nan. Baƙi ba ya kashe launi, danne shi kawai yake yi."

Ban gane ba. Na ɗauka surutunta ne na kullum.

Kayan suka dawo baƙi wuluk, har surukata ta rasa abin cewa. Na sa su, na ci gaba da tsintar ciyawar teku, da toya burodin masara, da zuwa coci ina zama a layin tsofaffi. Shekara ta zagayo, wata ta biyo. Sai wata rana a wurin wanki, na matse siket ɗin na shanya a kan dutse, na ga bakin naɗinsa yana wani duhun ja kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Na tsaya baki buɗe. Wanki bayan wanki, rana bayan rana, jan nan yana tasowa, har ya kai in na wuce yara kan juyo.

Surukata ta je ta yi wa Gwaggo tas, ta ce tsufa ya lalata mata hannu. Gwaggo ta amsa laifi, ta ce ɓawon itacen bana ne ba kyau. Da aka ce a sake rinawa, ta ce ulu ba ya ɗaukar baƙi sau biyu, rubewa yake yi. Ni ban cire takaba ba, babu mai iya cewa na cire. Tufafin ne suka gaji da ita. A cikin wannan siket ɗin na tsaya a gefen filin rawa ranar bikin waliyyin ƙauye, a nan Custódio mai gyaran taru ya fara yi mini magana. 'Ya'yanmu huɗu yanzu.

Sai da na manyanta na fara lura. Baƙin surukata Generosa, da ta sa tun mutuwar mijinta tana tsohuwa, ko gezau bai yi ba. Haka na duk tsofaffin. Wanda ke koɗewa na matar maƙeri ne, da nawa, da na Idalina da mijinta ya faɗo daga bene tana da goyo. Na tuna kuma wata randa da ke bayan ɗakin Gwaggo, cike da ruwan tsatsar tsofaffin ƙusoshi, wanda shi ke kama baƙi ya zaunar da shi. Wasu kayan takan tsoma a ciki, wasu ba ta ko kusantar da su. Ashe tambayar shekarun nan awo ne.

Na je na same ta, idonta ya fara tafiya, na ce, "Gwaggo, da gangan kika yi."

Ta ce, "Ni? Jeki tambayi gari, kowa ya san ban iya baƙi ba."

Ranar jana'izarta na duba cocin. Mu wajen goma sha ne muka zo cikin kayan da ta rina mana, don ba mu da wani baƙin, ga ja mai duhu, ga kore, ga shuɗi, duk suna leƙowa. Ita kuma tana kwance cikin nata kayan. Matar maƙeri ta raɗa mini cewa Gwaggo ba ta ma kai shekarun da na shiga takaba ba lokacin da teku ta ɗauke nata mijin, kuma da hannunta ta rina su, tun tana sabon koyo, yadda aka koya mata, da ruwan ƙusoshi. Na kai hannu na taɓa gefen siket ɗinta. Shekara hamsin da wani abu, yana nan baƙi ƙirin kamar jiya aka tsamo shi.