Soron da Aka Gina don Ranar Girgiza

Shekarun farko na mulkin Nasara ni ne tafintan wani Bature mai kula da gine-gine a Sakkwato. Mutum ne mai haƙuri, amma da tsoro guda a ransa. Kafin a kawo shi wurinmu ya yi aiki a wata ƙasa inda ƙasa ta girgiza, gida ya rufto masa a ƙafa. Tun daga nan yake ɗingishi, kuma bai ƙara yarda da bango ba.

Da za a gina masa soro, aka kira kawuna, wanda shi ne babban magini a unguwarmu. Bature ya shiga bayani: a faɗaɗa gindin bango, a rage tsawo, kada a jibga ƙasa a rufi, a ɗaure azara da azara, don in ƙasa ta motsa ginin ya motsa gaba ɗaya.

"Mi yac ce?" in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, so yake soron ya tsaya ranar da ƙasa za ta girgiza."

Kawu ya ajiye tubalin hannunsa. Girgizar ƙasa guda muka sani, wadda ke cikin Alƙur'ani.

"Wanga Nasara, tashin Ƙiyama shika son ɓoye ma?"

Na ga bayanin zai yi tsawo, ga rana ta take. Na ce, "Kusan haka."

Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Hubbare. Mutane suka riƙa zuwa kallon aiki. Wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaya ko za a sami ɗan lungu a ciki, ba don kansa ba, don wani ƙanensa da ba ya salla.

Da aka gama, Bature ya ce sai an gwada. To, wa zai girgiza masa Sakkwato? Kawu ne ya kawo shawara, fuskarsa ba alamar wasa. Aka ɗora turame bisa rufi, aka kira matan da ke dakan biki. Bature ya zauna a ciki da kofin ruwa a kan tebur, wai da rawar ruwan zai auna motsin bango. Ni ma ya ce in zauna. Na roƙi a bar ni bakin ƙofa saboda fassara.

Mata suka fara lugude, har da waƙa. Ruwa ya yi rawa, Bature na murmushi, ƙura na zubo masa a hula. Soro ko gezau. Amma jemagun da suka riga shi tarewa ba a yi shawara da su ba. Suka ɓarke gaba ɗaya. Mutumin da muka sani da ɗingishi ya wuce ni a ƙofa kamar barewa, ya bar sandarsa.

Matan suka leƙo daga sama. Babbarsu ta ce, "Mu ci gaba ko Ƙiyamar ta ƙare?"

Na fassara masa wannan kalma da kalma. Ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye, sannan ya sa aka yanka musu rago. Washegari ya tare, ya kuma roƙi Kawu ya gina wa dokinsa irinsa.