Bakin Ƙwaryar Gurmi

A kasuwar Achida wani mutum na zaune cikin tsohuwar rigar soja, hannun rigar na hagu a naɗe, ba komai ciki. Yaƙin Turawa ne ya ci hannun, da gani. Ƙila da can shi ke kaɗa gurmi, yau ya koma haɗa wa wasu.

Ya shafe katako da ƙaro, ya barbaɗa rairayi, yana goga bakin ƙwarya a kai don fata ta zauna daidai. Amma hannu guda gefe guda yake dannewa. In ya juya ya goge wancan gefen, sai shi ma ya zarce, ya sake juyawa.

Wata mai fura da ke gefensa ta ce, "Malam, gurmi kaka yi ko marar tuwo?"

"Saura kaɗan, Inna."

Bai yi ƙarya ba. Ƙwaryar saura kaɗan.