Zaren Sista Kyauta

Kullum da safe, kafin rabon magani, Sista Kyauta kan bi gado-gado da ƙullin zare a aljihu. Ta tambayi suna, ta ɗaura wa majinyaci zare a hannu, launi ɗaya da na jikin katinsa. Shekara goma sha huɗu tana haka a wani ƙaramin asibiti wajen Tudun Wada. Bana ta yi ritaya, ko takardar yabo ba a ba ta ba. Raina ya ɓaci, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Asalin zaren a 1984 ne. An kwantar da Buba mai ciwon sukari kusa da Sabo makiyayi, wanda zazzaɓi ya fitar da shi hayyacinsa. Mai allura ya tambayi matar Sabo, Dije, "Wannan ne Buba?" Mace mai kunya ba ta kama sunan miji, sai ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka shiru ma magana ce, ya tsira wa Sabo allurar Buba. Kyauta ce ta ga gumi na keto masa, ta ɗura masa ruwan sukari, ya farfaɗo.

Ta rubuta abin da ya faru. Shugaban asibiti ya ce, "Ki yaga. Tunda bai mutu ba, me za a tona?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yau Allah ya tsare. Gobe fa?"

Wannan tambaya ta hana ta ƙarin girma har sau uku.

Kyauta, ke ce kika ci gaba da rubuta kowane kuskure, har da naki. Masu dubawa su zo daga birni, su ƙirga gadaje, su yaba farar ƙasar bango, su ci kaji su tafi. Littafinki na kan tebur, babu wanda ya buɗe. To, me suka auna? Lafiyar bango?

Mun gode, Kyauta, uwar majinyata. Ku da kuka gaje ta, ku tabbatar da suna kafin ku tsira allura, wanda ya faɗi kuskure kuma kada ku ci shi da yaƙi.

Ranar sallama manya ba su zo ba. Dije ce ta zo da ƙwaryar nono, ta nuna wani dattijo a bakin ƙofa, har yau ba ta kama sunan mijin nata ba.

Ta ce, "Ga shi can, da ƙafarsa ya zo."