Kawu Manu da Jar Shinkafarsa

Duk wanda ya san Kawu Manu, yayan mahaifiyata, ya san ba ya shiga gona ya fara gaida mai ita. Sai ya tsuguna tukuna, ya ɗebi ƙasa da yatsu biyu ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Bayan nan ne zai ce maka sannu da aiki, ya gaya maka ko albasa ce ta dace da wurin ko shinkafa. Abin haushin, da wuya ya kuskure.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina akawu a Birnin Kebbi, ina zaune a unguwar Nasarawa. Ranar sunan 'yata ta fari na sayo farar shinkafar buhu, ta ƙasar waje, don in burge abokan aiki. Kawu ya zo daga Argungu, ya kai loma ɗaya ya tsame hannu. Na tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa.

Ya ce, "Bello, wagga shinkahwa ba ta san kowa ba garin ga. Baƙuwa ta. Ni ko ba ni cin baƙo."

Ashe da ƙullin jar shinkafarsa ya zo a aljihu, har da busasshen kifi. Ya miƙa cikin gida aka dafa masa. Kafin la'asar abokan aikin nawa sun watsar da farantaina sun kewaye akushinsa.

Kawu ya haura saba'in ya dage sai ya shiga ruwa ranar bikin kamun kifi a Argungu. Matarsa Inna Kulu ta ɓoye masa gora da homa, ragarsa ta kamun kifi, a rumbu, ya bi sawunta ya zaƙulo su. Samari na fitowa da giwan ruwa a kafaɗa, shi ya fito da 'yar karfasa da ba ta kai tafin hannu ba. Ana ta dariya, ko a jikinsa. Ya ce ai ya gamu da babban giwan ruwan can ƙasa, sun dubi juna, ya ga tsaransa ne, bai ga dalilin da zai kunyata dattijo a gaban yara ba.

Amma babban rikicinsa da malamin gona ne. Malamin ya kawo sabon iri, gajere, mai saurin nuna da yawan auki. Kowa a gefen fadamarsu ya karɓa, ban da Kawu. Ya riƙe irin kakanninsa, wanda in ruwa ya tashi shi ma yakan miƙe ya bi shi. A zuwan malamin na uku, Kawu ya ja shi a ƙafa cikin rana har kan tudun da ke kallon fadama, ya nuna masa inda gulbi ya taɓa kaiwa a zamanin mahaifinsa. Malamin ya share gumi ya ce wannan ai da ne.

Damina biyu rumbunan maƙwabta suna cika fiye da nasa, har aka sa masa suna Manu Jiya. A ta uku gulbi ya cika ya batse. Gajeren iri ya nutse kaf. Gonar Kawu kaɗai ta rage kore shar a saman ruwa.

Ina can ranar. Ya sa rigarsa ta Sallah, ya ari jirgi, ya sa ni tuƙi, muka bi ta kan gonakin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ruwa yana yi wa shinkafarsu sallama. Na ce, "Kawu, mutane na kallo fa." Ya ce don su kalla ya sa rigar.

Sai dai da aka yi girbi, gidaje da yawa ba na ci, ba na shukawa. Kawu ya buɗe rumbu ya zauna a bakinsa da kwano. Kyauta ne, amma da sharaɗi: duk wanda zai karɓa sai ya ce da bakinsa, "Manu ya yi gaskiya." Dattawa suka yi layi suna faɗa suna dariya. Can sai ga malamin gona, ya zo neman iri don ya adana. Ya sunkuyar da kai ya faɗa a hankali. Kawu ya tara hannu a kunne.

"Malam, kunnen ga ya tsuhwa. Ƙara hwaɗi."

Sau uku ya sa shi ya maimaita, sannan ya cika masa buhu, ya hana shi tafiya sai da ya ci tuwo da miyar kifi.

Sai bayan rasuwarsa Inna Kulu ta gaya mana cewa rabon nan ya cinye rumbun, har shuka ta zagayo gero suke ci a gidan, kuma ya hana ta faɗa wa kowa.

Allah Ya jiƙan Kawu Manu, Ya yafe masa, Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da mutane. Amin.